Pula Huɗu da Rabi

Ranar Litinin da safe aka gane hoton marigayi Lekoko ya ɓata daga shagon hoto na Rra Pitso. Kafin rana ta take, rabin garin Rakops sun gama yanke hukunci cewa Gorata ce, yarinyar da ke rubuta rasit a shagon.

Matar marigayin, Mma Oaitse, ita ta tayar da zancen ba da niyya ba. Ta zo ne a gyara mata shekarar haihuwar da za a rubuta a ƙasan hoton, wai ta tuna sittin da biyu ne, ba sittin da ɗaya ba. Gorata ta jawo aljihun tebur don ta ɗauko ambulan ɗin. Babu. Ta zazzage komai a kan tebur, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, na 'yan makaranta, na amare, na jariran baftisma. Na Lekoko ne kaɗai ba ya nan.

"Ki sake dubawa, 'yata," Mma Oaitse ta ce a hankali. "Shi ke nan gare ni. Mutumin nan tun yana saurayi bai ƙara yarda ya tsaya gaban kyamara ba."

Gorata ta san haka. Ta kuma san ranar Laraba Rra Pitso zai bi motar farko zuwa Letlhakane a buga hoton a jikin tangaran, a manna a dutsen kabari. Ranar Asabar za a yaye wa dutsen mayafi. An riga an ware san da za a yanka, dangi na shirin tasowa daga Francistown.

Rra Pitso ya shigo, dawowarsa ke nan daga ruga inda ya kwana biyu. Ya duba ƙofar gaba, ya duba ta baya, ba a ɓalle ko ɗaya ba. Sai ya jawo littafin rasit. Littafin nan kowace lamba falle uku ce: fari na mai hoto, ruwan hoda a manna a ambulan, rawaya ya zauna a littafi. Takardar irin ta yanzu ce mai ɗaukar rubutu da kanta, sai dai dole a cusa kwali a ƙarƙashin falle na uku kafin a rubuta. Ya buɗe, ya bi lambobi da yatsa. Daga 411 sai 413. An yage 412, duka falle ukun, tsaf, kamar da reza.

"Makulli biyu ne, nawa da naki," ya ce. "Ni ina ruga. Ke kuma?"

"Ina gida, Rra."

"Da wa?"

Ba ta da shaida. Ɗaki ɗaya take haya a bayan makarantar firamare, ita kaɗai.

"Miƙo makullan. Gobe da yamma mai unguwa zai zo nan. In hoton bai fito ba, daga gabansa sai ofishin 'yan sanda. Kuma ko sun sake ki, ba a shagona ba."

A bakin ƙofa mata uku sun riga sun tsaya. Ɗaya ta ce wa 'yar'uwarta, ba tare da ta rage murya ba, ai hoton mamaci kuɗi ne a wurin bokaye, kuma mutanen daji irin dangin Gorata sun san hanyar gidajen bokayen.

*

Uban Gorata mai bin sawu ne. In saniya ta ɓata, har mota ake turawa ruga a ɗauko shi. Sai ya durƙusa a kan yashi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mace ce, tana da ciki, tana ɗingisa ƙafar hagu. Ba kora ta aka yi ba, da kanta ta tafi." In an samo saniyar a zuba masa abinci a kwano daban, ya ci a bayan gida. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Bai bar hoto ko ɗaya ba, ko na katin shaida ma ya ɓata tare da katin. Abin da ya bar mata shi ne ido.

Kuma ga shi yau da hannunta ta lalata sawun. Kullum da safe ita ke share gaban shago, yau ma ta share kafin Mma Oaitse ta zo. Sai ta zagaya baya. Awaki sun tattake wurin tas. A gefen dakali ne kawai, inda inuwa ta riƙe danshi, ta ga rabin sawu. Takalmi ne mara tudu, ƙarami, ya cinye ta gefen waje. Mai shi ya tsallake ramin ruwan da ke bakin ƙofa ba tare da ya tsaya nema ba. Baƙo sai ya faɗa ramin nan sau ɗaya kafin ya koya.

Akwai wani abu kuma da ba ta gaya wa kowa ba. Da safe da ta ƙirga gwangwanin canji, ta tarar da ƙarin pula huɗu da rabi a kan abin da ta bari ranar Asabar. Ta ƙirga sau uku. A shagon nan in kuɗi sun ragu laifinta ne, in sun ƙaru ma tambayar a kanta za ta ƙare. Ta zuba tsabar a kwalin ashana, ta ajiye a bayan tulin ambulan.

*

A tsallaken titi akwai teburin Mme Kenosi mai fanke. Tsohuwa ce doguwa, ba miji, ba ɗa. Ita ta riƙe littafin rasit na shagon nan shekara goma sha tara a zamanin uban Rra Pitso, kafin idonta ya fara gajiya. A duk Rakops ita kaɗai ce ke matsa wa Gorata wuri a benci, ta zuba mata shayi a kofin da ita ma take sha.

Da tsakar rana Gorata ta tsallaka. Masu sayen fanke biyu suka tashi da nasu a hannu.

"Zauna, magatakarda," in ji Mme Kenosi. Haka take kiran ta. "Ci."

"Ba na jin yunwa, Mma."

"Ban tambaye ki ba. Ci."

Ta ci rabi. Tsohuwar na juya fanke a mai, ba ta ɗago ba.

"Sun ce ni na sayar wa boka."

"Mutanen garin nan in ba su yi magana ba ciki ke kumbura musu. Zai fito."

"In bai fito ba fa? Ruga zan koma. Ba kowa a can sai kawuna da karnukansa."

"Na ce miki zai fito," ta ce, da ɗan ƙarfi. Fanke ɗaya ya ƙone a hannunta. Gorata ba ta taɓa ganin haka ba, amma sai ta ɗauka tausayinta ne ya ɗauke mata hankali.

*

Ditiro mai firam shi ne na ƙarshe da ya shiga shagon ranar Asabar, ya zo auna hoton. Ta same shi a rumfarsa bayan gidan mai, yana goge katako, idanu jawur.

"A'a, ga abokiyar sana'a," ya ce. "Shekara goma ni ne ɓarawon garin nan, ko kaza ta yi tari ni ne. Yau kin karɓe ni. Sannu da aiki."

"Yaya Ditiro, ina kake ranar Lahadi?"

"Inda nake kowace Lahadi. Mutane na coci suna neman gafara, ni ina mashayar Mma Tebo ina tara abin da za a gafarta. Je ki tambaye ta, har yanzu hulata na can."

Ta dubi ƙafarsa. Takalmin taya ne, kowane ɗaya ya kai faranti.

"Me zan yi da hoton Lekoko?" ya ci gaba. "Mutumin da ko a hoto bai yi dariya ba. Amma ke, ƙanwata, wa ya ce miki makulli biyu ne? Kwaɗon ƙofar bayan nan tun zamanin uban Pitso yake, ba a taɓa canza shi ba. Irinsa da makulli uku yake zuwa."

Da ta koma ta gaya wa Rra Pitso, sai ya ce na ukun ya ɓata tun yana makaranta, ta daina neman wanda za ta shafa wa. Duk da haka, kafin ya rufe shago ya sayo sabon kwaɗo ya ƙara a ƙofar baya.

*

Saura ƙanen marigayin, Rra Bonolo. Kowa ya san cocinsu ba ta yarda da hoto a kan kabari ba, kuma sun yi ta kai ruwa rana da Mma Oaitse a kan haka. Gorata ta tsaya a bakin shingen gidansa har sai da ya ga dama ya fito.

"Ke ce ta Pitso? Me ya kawo ki?"

"Rra, na zo tambaya ne a kan hoton."

"Ke za ki tambaye ni?" Ya kalle ta daga sama har ƙasa. "Ubanki sawun shanu yake bi, ke kin samu ci gaba, sawun mutane kike bi. To ki ji. Ranar Lahadi ina kan bagadi daga takwas har biyu, mutum ɗari sun gan ni. Da ni na sa hannu a hoton nan, a tsakiyar kasuwa zan ƙona shi, in kira matar wana ta zo ta gani. Ba na shiga ta ƙofar baya."

Ya juya. Manyan takalman ma'aikatan haƙar ma'adinai ne a ƙafarsa, sawunsu kamar na tarakta. Ta yarda da shi, ba don tana son sa ba.

Ta koma ɗakinta da sauran rana. Ta haɗa tufafinta a jaka ɗaya don ta ga ko za su shiga. Suka shiga, har da sauran wuri.

*

Ranar Talata Rra Pitso ya buɗe shago da kansa, ya zauna a kusurwa yana kallon hannuwanta. Wajen ƙarfe tara wani direba ya zo ɗaukar hoton lasisi. Gorata ta jawo littafi, ta buɗe 413. Farin fallen fes yake. Ta ɗaga falle ukun don ta cusa kwali, sai ta tsaya.

Akwai rubutu a kan ruwan hodar. Dishi-dishi, kamar sawun tsuntsu bayan iska, amma yana nan. Wanda ya rubuta 412 bai sa kwali ba. Ya yage nasa uku, ya ga farin da ke biye ba komai, ya rufe littafi. Bai san farin ba ya nuna rubutu ba, na ƙarƙashinsa ne ke kamawa.

Ta tsallake lambar, ta rubuta wa direba a ta gaba. Da Rra Pitso ya shiga da shi bayan labule, ta karkata littafin wajen hasken taga.

Kwanan watan Lahadi. Wurin suna ba komai. A ƙasa: ƙaramin hoto, kwafi ɗaya. Kuɗi: 4.50. Sai kalmar "an biya". Sannan wani dogon layi da aka ja a karkace daga nan har ƙasan takarda, ya rufe duk filin da ya rage.

Ƙaramin hoto yanzu pula talatin da biyar ne. Ita kuma ba wanda ya taɓa koya mata jan irin wannan layi.

Ta ce za ta ɗauko labulen shuɗi a ɗakin baya. A can, ƙarƙashin karyayyun kujeru, akwai kwalayen tsofaffin littattafai da ba wanda ya taɓa tun rasuwar tsohon. Ta ciro ɗaya. Tsohuwar takardar kabon ta faɗo daga ciki, ta yi laushi kamar ganye. A zamanin nan in ba ka sa kabon ba, ba abin da ke wucewa ƙasa, ba ruwan kowa da kwali. Ta buɗe. Ƙaramin hoto, 4.50. Layi a karkace. Shafi na gaba, layi a karkace. Duk littafin haka, hannu ɗaya, mai rubuta huɗu da buɗaɗɗen kai.

Ta zauna a kan kwali, littafin a cinyarta. Ta daɗe a wurin, har sai da Rra Pitso ya ƙwala mata kira ko labulen saƙa shi take yi.

*

Da tsakar rana ta tsallaka titi da kwalin ashana a hannu. Ba kowa a bencin. Kafin ta zauna ta dubi ƙasa. Takalmin Mme Kenosi baƙi ne mara tudu, ya cinye ta gefen waje.

Ta zazzage tsabar a kan tebur, kusa da tiren fanke.

"Wani ya bar wannan a gwangwani, Mma."

Tsohuwar ta dubi kuɗin. Ba ta taɓa su ba.

"To ki mayar inda kika gan su. Kuɗin shago ba ya kwana a hannun magatakarda."

"Littafin yanzu ba ya son kabon," Gorata ta ce, muryarta can ƙasa. "Kwali yake so."

Mai na ta tafasa. Mme Kenosi ta tsame fanke huɗu, ta jera su, ta gyara wanda ya karkace. Gorata ta jira. Ta jira har wata mata ta zo ta sayi na pula biyar ta tafi. Ba abin da take so irin ta ji an ce, tashi mu je tare.

"Shayinki zai huce," in ji tsohuwar.

Gorata ta tattara tsabar ɗaya bayan ɗaya, ta tashi. Ba ta sha shayin ba.

*

Da yamma aka jera kujeru a gindin bishiyar da ke gaban shago. Mai unguwa a tsakiya, sandarsa a kan gwiwa. Mma Oaitse da baƙin mayafinta, Rra Bonolo can nesa da ita, Ditiro da aka kira dole, yana hamma. Jama'a sun yi da'ira. Mme Kenosi ta rufe tirenta ta tsallako, ta tsaya a baya, jakarta a ƙirji.

Rra Pitso ya yi bayanin makulli da takardar da aka yage. Mai unguwa ya juyo.

"Yarinya, ba ma son abin ya kai ga hukuma. In yana wurinki, ko kin san inda ya tafi, ki faɗa. Matar nan ta isa haifar ki."

Gorata ba ta taɓa magana a gaban mutum fiye da uku ba. Ta dubi bayan taron. Mme Kenosi na kallon ƙasa.

"Ba ta da bakin magana," wani ya ce.

"To shi ke nan," in ji mai unguwa, ya fara neman sandarsa. "Pitso, sai ka kai ta."

"Rra, ina da abin nunawa."

Ta shiga shago ta fito da littattafai biyu da kwalin ashana, ta ɗora a kan tebur. Sai ta durƙusa a gaban teburin yadda ubanta ke durƙusawa, ta daina kallon mutane, ta kalli takarda. A haka maganar ta zo.

"Wanda ya shiga, ranar Lahadi ya shiga, lokacin coci, ta ƙofar baya, da makullinsa. Ya san ramin da ke bakin ƙofar. Bai taɓa kyamara ba, bai taɓa kuɗi ba. Ƙari ma ya yi." Ta zazzage tsabar. "Pula huɗu da rabi."

"Ɓarawon da ke biya," in ji Ditiro. "Wannan ba ɗan ajinmu ba ne."

Aka ɗan yi dariya. Mai unguwa ya buga sanda.

"Hannunsa ba ya iya fitar da hoto daga shagon nan ba takarda, shi ya sa ya zauna ya rubuta. Da ya gama ya ji tsoro, ya yage. Amma bai sa kwali ba, don a lokacinsa ba a sa kwali. Rubutun ya wuce nan." Ta ɗaga farin fallen. Mai unguwa ya sa tabarau ya sunkuya. "Farashin da ya sani ya rubuta, na shekara talatin da suka wuce. Kuma ya ja layi ya rufe takardar, kada a ƙara wani abu a bayansa." Ta buɗe tsohon littafin a gefe. Layi biyun suka kwanta kusa da juna, iri ɗaya.

Rra Pitso ya leƙa. Ya san rubutun, a gaban mai shi ya girma.

"Ba don boka ba ne," Gorata ta ce. "Kwafi ɗaya yake so. Ƙarami. Irin na sawa a jaka."

"Suna, yarinya," in ji mai unguwa.

Ba ta faɗa ba. Ba sai ta faɗa ba. Mme Kenosi ta ratso mutane a hankali, ta buɗe jakarta, ta ciro littafin waƙoƙin coci. Ambulan ɗin na tsakiyarsa. Ta ajiye shi a gaban Mma Oaitse, ta ja da baya.

"Litinin na so in kai Letlhakane a yi mini ɗaya, in mayar kafin Laraba," ta ce. "Sai kika zo da safe. Sai aka ƙara kwaɗo." Ta juyo wajen Gorata, amma idonta bai kai fuskarta ba. "Na yi ta cewa yanzu zan faɗa."

"Kin bar yarinya za a kai ta ofishin 'yan sanda," in ji mai unguwa, "a kan hoton mijin wata."

"Tsohuwar banza," Rra Bonolo ya ce. "Kun ga abin da hoto ke jawowa."

Mma Oaitse ta ciro hoton. Saurayi ne siriri cikin kwat da ta yi masa yawa, ya ɗora hannu a kan tebur mai furen roba. Ta dube shi, sannan ta juya bayansa. Akwai tambarin shagon da ya kusa gogewa, da lamba, da kalmar "an biya", da ɗan gajeren layi a karkace.

"Shekara talatin da biyu ina kallon rubutun nan," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Lokacin da aka ɗauki hoton nan Lekoko ko sisi ba shi da shi, kwat ɗin ma aro ce. Na san wata ce ta biya. Ban taɓa tambayar sa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba." Ta ɗago. "Da kin zo kin tambaye ni, Kenosi."

"Da wane baki?"

Mma Oaitse ta mayar da hoton ambulan, ta miƙa wa Gorata, ba Rra Pitso ba.

"Rubuta, 'yata. Babba na dutse yana nan yadda muka yi. Ki ƙara ƙarami ɗaya."

Gorata ta buɗe sabuwar lamba, ta cusa kwali.

"Wane suna zan sa, Mma?"

"Nata. Ta riga ta biya."

"Yanzu fa talatin da biyar ne," Rra Pitso ya fara. Mma Oaitse ta kalle shi, ya haɗiye sauran.

Gorata ta rubuta Kenosi. Ta rubuta 4.50. Ta ja layi a karkace har ƙasa, ta yage farin fallen ta miƙa. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, ta sa a littafin waƙoƙi, ta juya. Mutane suka buɗa mata hanya fiye da yadda take bukata.

Taro ya watse. Matan nan uku suka wuce suna cewa ai su dama tun farko sun ga alama. Ba wanda ya tsaya gaban Gorata. Rra Pitso ya ajiye makullanta a kan tebur.

"Gobe ki zo da wuri. Motar shida zan bi."

*

Ta zo da wuri. Motar ta tashi da Rra Pitso da ambulan a aljihun ƙirjinsa. Ta ɗauko tsintsiya.

A tsallaken titi ba tebur, ba benci. Duwatsun murhu uku ne kawai da tokar jiya.

A gaban shago kuwa akwai sawu sabo, wanda ya riga kowa zuwa. Takalmi mara tudu, ya cinye ta gefen waje. Ya taho daga hanyar coci, a hankali, taku gajeru. A bakin dakali ƙafafun biyu sun haɗu, sun nutse cikin yashi, alamar mai su ta daɗe a tsaye. Taku ɗaya ya nufi hanyar makarantar firamare, inda ɗakin Gorata yake, sai ya fasa. Daga nan sawun ya koma inda ya fito. A kan dakalin an ajiye tsohon makulli, ɗaure da zaren ulu.

Gorata ta ɗauki makullin ta sa a aljihu. Ta share gaban shagon duka, daga bishiya har bakin titi, ta kewaye sawun ta bar shi yadda yake.

Sawun ya kai har ƙarfe goma. Sai 'yan makaranta suka zo ɗaukar hoton aji, suka bi ta kansa.